Gyaɗar Kurciya Dubu da Ɗaya

Ga ta nan, ga ta nanku, yara!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Kurciya ce mijinta ya mutu, ya bar irin gyaɗa ƙwaya dubu da ɗaya. Ga damina ta kawo kai, ba ta da abin shukawa sai shi. A garin kuwa Kurege ne mai rabon gado, kuma al'adarsu, tarin da ya ƙi rabuwa daidai kafin la'asar, mai rabo ke kwashewa. Kun san Kurege da gyaɗa, an ba kura ajiyar nama ke nan.

Kurege ya zauna ya ce, "Mutum nawa, Iya?"

Ta ce, "'Ya'yana biyu."

Aka kasa, kowa ɗari biyar. Nawa ya rage, yara?

Ɗaya!

Kurege ya lashe baki. Kurciya ta ce, "Sa da ni, mu uku."

Aka kasa, kowa ɗari uku da talatin da uku, biyu suka rage. Kurciya ta sake lissafi. Ta ce, "Akwai marayun ƙanwata biyu, mun zama biyar."

Aka kasa, kowa ɗari biyu. Ɗayar nan dai tana zaune a gefe abinta. Kurege ya fara kwance bakin buhu, ya ce, "Iya, wannan lamba taurin kai gare ta, ba ta rabuwa. Ki haƙura."

Kurciya ta dubi inuwa, ta ga la'asar ta kusa. Can ta hango Hasbiya da makauniyar Fakara a bakin danga. Shekara biyu ba sa ga maciji da ita, a kan iyakar gona. Abin ya yi mata nauyi ƙwarai, amma ta daure ta ce, "Maƙwabtana, ku shigo. Iri ya ƙare muku bara, na sani. Malam Kurege, mu bakwai ne."

Aka kasa, aka kasa, aka kasa. Kowa ɗari da arba'in da uku, faifai ya yi fayau, ko ɓawo bai rage ba.

Kurege ya yi tsalle ya ce, "Af! Na manta da kaina, mu takwas ne!"

Wayo ne, yara. In an kasa takwas, ɗayar nan za ta sake ragewa.

Fakara ta ce, "Ni ba na gani, amma ina ji. Yaushe mai rabo ya zama magaji?"

Kurege ya ja buhunsa wayam ya shige rami. Shi ya sa har yau ba ya zuwa gonar gyaɗa sai a sace.

Su bakwai suka yi shuka a jere, aka daina zancen iyaka. Abin da ya ƙi rabuwa tsakanin 'yan gida, a leƙa bayan danga, wataƙila maƙwabci yake jira.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera!