Bahon da Yake Warkar da Kansa

Akwai wani mutum, sunansa Irmiya, wanda ya yi shekara tara yana aiki a wata masana'antar roba can nesa. Da ya komo gida, ya tarar an rufa majami'a da kwano, an haƙa rijiyar burtsatse a bakin kasuwa, yarinyar da ya ce ta jira shi kuma tana goye da na uku. Ɗakinsa kuwa, agwagin mahaifiyarsa ne suka gaje shi.

Tsarabar da ya kawo wa mahaifiyar tasa, Mama Tabita, wani ƙaton baho ne shuɗi. Ba irin robar kasuwa ba ce. Jaki ya taka shi, ko lotsawa bai yi ba. In kuwa aka tsaga shi da wuƙa, aka haɗa bakin tsagar, aka ajiye a rana, kafin a gama cin tuwo ya haɗe.

To, Mama Tabita ce take yin kunun zaƙi na dukan ikilisiya a ranar godiyar kaka, kullum kuwa da aron bahon maƙwabciyarta Saratu, mai yawan gori. Nan take ta leƙa ta katanga ta ce, "Saratu, bana ki riƙe bahonki. Ɗana ya dawo."

Shi kuwa Irmiya zaman gida ya ishe shi tun kwana na uku. Duk baƙon da ya yi sallama, sai ya jawo baho, ya zaro wuƙa, ya ce, "Zauna ka ga ikon Allah."

Uwar ta ce, "Irmiya, don abu ba ya kuka, ba shi ne a yi ta yankansa ba."

Ya ce, "Mama, warkewa ai aikinsa ne. Mu muka yi shi."

Ana saura kwana uku godiya, sai ga Dattijo Ayuba, wanda ba abin da yake burge shi. Ya kalli tsagar ta haɗe, ya taɓe baki, ya ce, "Ɗana, ko ƙwarya ai ana ɗinke ta."

Ran Irmiya ya ɓaci. Ya sa wuƙa ya ƙwaƙule wani yanki kamar ƙwayar goro daga gindin bahon, ya ajiye a ƙasa, ya ɗaga bahon yana leƙen dattijon ta ramin. "Baba, wannan ma ɗinki ne? Bari in mayar ka gani."

Ya sunkuya zai ɗauka, ba yanki. Agwagi bakwai suna tsaye, duk farare, kowacce tana miƙa wuya kamar ba ta san zancen ba.

Dattijo ya tashi, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce, "Lalle yau na ga ikon Allah."

Irmiya ya ɗaure agwagin nan a gindin mangwaro, ya tsuguna a bayansu da tsinke yini biyu yana tona kashinsu. Bai ga komai ba. Ya shanya bahon a rana tun safe har yamma. Bakin ramin ya yi sumul, amma ramin yana nan, gama abin da zai haɗu da shi ba ya nan.

Mama Tabita ta ɗaura ɗankwalinta, ta nufi gidan Saratu aron baho. Tun daga zaure aka ji muryar Saratu: "A'a, Maman Irmiya! Ina bahon Turai?"

Da aka tashi sujada ran Lahadi, Irmiya ya ce, "Mama, irin wannan ba a yar da shi. A wurinmu ana narkar da shi, a sāke zubawa, ya fito da ƙarfinsa kamar dā. Sati biyu na dawo."

Ta dube shi ta ce, "Wancan karon ma sati biyu ka ce."

Shi dai yana ta cusa kaya a jaka, yana neman igiyar ɗaure baho.

Ga abin da misalin nan yake koya mana, 'yan'uwa. Bahon shi ne zuciyar masu ƙaunarmu. Ubangiji ya yi ta da ƙarfi, ya kuma ba ta baiwar warkewa. Wuƙar ita ce wannan magana tamu ta kullum: "Ai za ta yafe." Gaskiya ne, tana yafewa, muddin an komo, an haɗa baki da baki, an zauna. Amma akwai abin da in ka cire ba ka da ikon mayarwa: shekarun da ba ka nan, da kunyar da wani ya sha dominka. Agwagwa kuwa kada kowa ya ga laifinta, abu ta gani a ƙasa.

Wanda ya yi mu yana da ikon narkar da mu, ya sāke mu sababbi, kada mai rami a zuciya ya fid da rai. Sai dai ta wuta ake bi. Saboda haka, kai da alherin Allah da haƙurin gidanku suka ɗauke ka har yau, ka mayar da wuƙarka kube.