Reshen da Zakara Ya Ba Shaho

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, muna saurare!

Zakara, sarkin kaji, ya sa aka yi shela: saboda tsaro, baƙo ba zai mallaki ƙasarsu ba.

Bushiya ta zo neman ɗan fegin gyaɗa. Zakara ya ce, "Da waɗannan ƙayoyin? Kama hanya!"

Sai ga Shaho. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba ruwana da ƙasa. Reshen tsamiyar nan na saman akurki nake so."

Zakara ya ɗaga kai, ya ga reshe ko taɓa ƙasa bai yi ba. Ya ce, "Bismilla, hau."

Har yau ko taku ɗaya na ƙasar kaji bai shiga hannun baƙo ba. 'Yan tsakin ne dai babu.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera!