Aikin da Soja Bai Miƙa Ba

Akwai wani soja, sunansa Habila, yana da mata ana kiranta Afiniki, da 'ya'ya mata biyu, Damaris babba da ƙanwarta Keziya, wadda ba ta daɗe da iya magana ba. Suna zaune a bariki cikin rufin asiri, sai aka tura Habila aiki wata ƙasa mai nisa, mai tsananin sanyi, aka kuma ce ya tafi da iyalinsa. Matan bariki suka yi ta zuwa yi wa Afiniki barka, suna cewa ta haye. Ita ma a ranta ta ɗauka ta haye.

Habila mutum ne mai tsoron Allah, amma soja ne har cikin ɗakinsa. Kowace safiya, kafin kowa ya sa wani abu a baki, sai ya tara gidan a falo kamar masu fareti. Shi zai zaɓi waƙa, shi zai ɗauko ta, shi zai buɗe Littafi Mai Tsarki, shi zai yi addu'a, sauran su ce amin. Afiniki ba ta taɓa ganin laifin wannan ba, don haka ta tashi ta ga mahaifinta yana yi. Ko a can gida in an tura Habila daji, ba ta rasa komai. Ƙararrawar coci tana bayan tagarta, matan zumuntar coci ba sa barin ta kwana biyu ba su leƙo ba, ranar Lahadi kuma maƙwabciya ce za ta kwashi yaran ta haɗa da nata ta tafi da su. Addu'a tana shigowa gidan da ƙafafun mutane, ba tare da Afiniki ta taɓa lura ba.

Da suka isa waccan ƙasa, komai ya zama abin haushi. Rana ta fito amma ba ta da zafi. Maƙwabta su wuce ka da ɗan murmushi, ba mai tsayawa ya tambayi gajiya ko yara. Shara ma sai an rarraba ta, ta kwalba daban, ta takarda daban, ta abinci daban, in ka haɗa kuma masu kwasa su bar maka kayanka a ƙofa. Cocin da suka samu yana da nisa, ba ganga, ba guɗa, mutane suna waƙa kamar suna tsoron kada su tashi wani daga barci. Kafin Afiniki ta gama gyara ɗaurin kallabinta an ce a tashi, an gama sujada. Duk da haka suna zuwa, saboda Habila ne ke tuƙa su.

Ba su daɗe ba sai oda ta zo. Za a tura Habila da waɗansu sojoji gaba, wurin da ba a zuwa da iyali, na 'yan watanni.

To, soja ba ya barin wurin aikinsa sai ya miƙa wa wani, kuma Habila ya ƙware a wannan. Ya zagaya da matarsa gidan lungu lungu. Ya nuna mata inda ake kunna na'urar ɗumama ɗaki, da abin da za ta taɓa in wuta ta ɗauke. Ya koya mata tuƙa motar a kan hanyoyin garin, yana ta faɗa tana ta haɗiye fushi. Ya kai ta makarantar Damaris ta ga malamai, ya kai ta asibiti ta ga ƙofar da ake shiga. Har ranar da masu shara ke zuwa sai da ya sa ta maimaita masa. Ranar tafiya ya tara su ya yi addu'a mai tsawo, ya rufe Littafi Mai Tsarki, ya ɗora shi a kan kantar da ke kusa da kujerarsa, ya saɓi jaka ya fita. Abu ɗaya ne bai miƙa ba, kuma bai ma san bai miƙa ba.

Washegari Damaris ta tashi da wuri kamar yadda ta saba, ta ja ƙanwarta suka zauna a falo suna jira. Afiniki ta fito ta gan su, ta dubi kujerar maigida, ta dubi Littafin, sai ta ji nauyi. A ganinta zama a kujerar nan da buɗe Littafin nan ƙwace ne, tunda ba a ba ta ba. Ban da haka muryarta ba ta ɗaukar waƙa, kuma ba ta taɓa yin addu'a da ƙarfi a gaban kowa ba. Ta ce da yaran su je su yi wanka, wannan sai babansu ya dawo.

Kwana biyu Damaris tana tambaya, tana samun amsa ɗaya. Daga nan ta daina.

Ku ji abin da ke ba ni haushi da matar nan. Ba raguwa ba ce. Cikin watannin nan babu aikin namiji da ba ta yi ba. Ta tuƙa mota cikin ƙanƙara tana salati irin na mai neman tsira, ta kuma isa lafiya. Famfon kicin ya fashe, ta ɗaure shi da tsumma da roba har mai gyara ya zo. Malamar Damaris ta ce yarinyar ba ta magana a aji, Afiniki ta je da ɗan guntun yaren da ta tsinta ta yi bayani da baki da hannu har malamar ta gane. Masu shara da suka raina ta, sai da ta zama ita ke gyara wa sabbin maƙwabta kuskure. Ba ta ce ko ɗaya daga cikin waɗannan ya jira maigida ba. Addu'ar safe kaɗai ce ta ga ta fi ƙarfinta.

Zuwa coci ma ya bi sahu. Lahadin farko ta ce sanyi ya yi yawa, na biyu Keziya tana mura, na uku ta ce ai ko ta je ba jin abin da ake faɗa take ba. Wata dattijuwa daga cocin, wadda ta lura ba ta ganinsu, ta zo har gida ta ce in Afiniki ta yarda za ta riƙa biyowa ta ɗauki yaran. Afiniki ta yi godiya ƙwarai, ta ba ta shayi, ta ce ba za ta ɗora mata wahala ba, maigidan ya kusa dawowa. Bayan matar ta tafi ta yi tsaki, tana cewa a ranta ina ita ina ba baƙuwa 'ya'yanta ba da izinin ubansu ba.

Kada wani ya ce ta bar Allah. Ba ta bar shi ba. Tana wanke-wanke tana roƙonsa ya tsare mijinta, tana tuƙi tana roƙonsa, in ta ji labarin faɗa a inda Habila yake sai ta shige ɗaki ta rufe ƙofa ta durƙusa ta yi kuka. Amma duk a ciki take yi, ko a bayan ƙofa. Yaran ba su taɓa gani ba, ba su taɓa ji ba.

In Habila ya samu ya kira, sai ya bi kayan da ya miƙa ɗaya bayan ɗaya. Mota lafiya? An duba mata mai? Ɗaki yana ɗumi? Damaris tana karatu? Afiniki ta ce duk lafiya, kuma gaskiya ta faɗa. Bai tambayi addu'a ba, domin a tunaninsa abin da ake yi kullum ba ya bukatar tambaya. Ita kuma ba ta faɗa ba, domin ba a tambaye ta ba.

'Yan watannin suka cika, aka ƙara musu waɗansu. Waɗannan ma suka cika, aka sake ƙarawa. Afiniki ta yi mita har ta gaji. Sanyi ya wuce, itatuwa suka yi ganye, suka zubar, sanyi ya sake zagayowa, Littafin yana nan a kan kantar. Kowace Asabar takan ɗaga shi ta goge ƙurar da ke ƙarƙashinsa ta mayar da shi daidai inda yake.

Ran nan Allah ya dawo da Habila lafiya. Aka yi murna, aka yi tuwo da miyar kukar da Afiniki ta daɗe tana ɓoyo, Keziya tana ta laɓewa a bayan uwarta don ta manta fuskarsa.

Gari na wayewa ya tafa hannu kamar yadda ya saba, ya ce kowa ya fito falo. Ya zauna a kujerarsa, ya ɗauko waƙar da suka fi yi a da. Afiniki ta bi shi a hankali. Damaris ta kama layin farko, ta yi tuntuɓe a na biyu, ta tsaya tana kallon ƙasa. Keziya kuwa tana zaune da cokali a hannu tana kallonsu ɗaya ɗaya, kamar ta shigo gidan baƙi. Habila ya tsaya ya tambayi Damaris abin da ya same ta, yarinyar ta ce ai tun ranar da ya tafi ba su sake yi ba.

Ransa ya ɓaci. Ya juya ga matarsa.

“Maman Damaris, me nake ji haka? Shekara guda gidana ba addu'a?”

Afiniki, wadda ta kwashe shekarar tana jiran a ce mata sannu, ta fusata. Ta ce masa ya nuna mata wuta, ya nuna mata mota, ya nuna mata asibiti, har shara ya sa ta haddace, kuma duk ga su nan yadda ya bari, ya je ya duba.

“Wannan kuwa ba ka ba ni ba, Baban Damaris. Tun da muka yi aure ka taɓa cewa in ɗauko waƙa? Ka taɓa miƙo mini Littafin nan ka ce in karanta? Amin kaɗai ka koya mini, ita ma na ajiye maka kayarka.”

Ya ce wannan ba abin da ake miƙawa ba ne, kowane mai bi ya san aikinsa. Ta ce in haka ne me ya sa bai taɓa barin kowa ya taɓa shi ba. Ya ce, ta ce, muryoyi suka fara hawa, Littafin yana buɗe a cinyarsa ba wanda ya dube shi.

Suna cikin haka Keziya ta sauko daga kujera ta zo ta dafa gwiwar ubanta. Ta dai gane cewa yau za a yi abin nan da yayarta ta taɓa gaya mata ana yi, na rufe ido a yi magana da Allah, kuma murna ce a fuskarta.

“Baba, ashe Allah ma ya dawo? Tare kuka tafi da shi?”

Habila ya sunkuyar da kai. Afiniki ta ji kunya da baƙin ciki irin wanda ba ta ji ba duk tsawon shekarar, domin ta san sau nawa ta yi magana da Allah a gidan nan, a kicin, a ɗaki, a mota, ga 'yarta kuma tana tsammanin ba ya nan.

'Yan'uwa, ga ma'anar misalin nan, kuma ba sojoji kaɗai ya shafa ba. Habila shi ne duk wanda ya rungume aikin Allah a gidansa shi kaɗai, yana jin daɗin a ce shi ne mai addu'a, bai taɓa koya wa kowa ba. Irinsa suna da yawa a cikinmu, har da dattawan ikilisiya. Kana koya wa matarka da 'ya'yanka yadda za su kula da gona da shago da mota in ba ka nan, amma ba ka taɓa cewa ɗaya daga cikinsu ya buɗe baki ya yi addu'a kana zaune ba. Ranar da tafiya ta ɗauke ka, ko ciwo, ko mutuwa, abin da ka riƙe kai kaɗai zai bi ka.

Afiniki kuwa ita ce mai jira. Tana jiran miji, wani yana jiran fasto, wani yana jiran ya koma garinsu inda ake waƙar da ya saba. Muna kiran wannan ladabi, amma sau da yawa tsoro ne da kunya. Ubangiji bai ce sai mai murya ko mai muƙami zai kira sunansa ba, kuma ba ka bukatar izinin kowa kafin ka tara 'ya'yanka ka yi addu'a da su. Ƙasar nan mai nisa ita ce duk inda rayuwa ta kai ka ka rasa maƙwabtan da ke ɗauke maka nauyin bangaskiyarka. A can ne za a san ko kai kake riƙe da ita, ko dā ma mutane ne ke riƙe maka.

Ku kuma tuna da Keziya. Yaro ba ya ganin abin da ke cikin zuciya. Addu'ar da kake yi a ɓoye Allah yana ji, amma ɗanka ba ya ji, kuma abin da ya gani a gida shi zai ɗauka gaskiya game da Allah. Saboda haka gobe da safe, in kai ne mai yi kullum, ka miƙa wa wani Littafin ka yi shiru ka saurara. In kuma ke ce mai cewa amin, ki buɗe baki ki yi, ko da muryarki tana rawa, ko da kalma biyar ce. Yaran da ke gidanki suna kallo, kuma daga gare ki za su san ko Allah yana gidan ko ya yi tafiya.