Curtis da Kwamfutar da Ke Kan Hanya

Akwai wani mutum a nan garinmu Duluth mai suna Curtis Halvorsen, ma'aikacin kamfanin inshora. Ba mugu ba ne, amma yana da wata cuta guda: ba ya son abin da wani ya riga shi taɓawa. Mota ce ko tukunyar dafa kofi, sai sabuwa fil a leda. Mutum ne da idan ya buɗe kwali sai ya shinshina shi tukuna kafin ya duba abin da ke ciki.

Mahaifiyarsa Doreen za ta cika shekara tamanin ranar sha huɗu ga Yuni. Idanunta sun yi rauni ƙwarai, likita kuma ya faɗa mata gaskiya cewa ba sauƙi za su yi ba. Ƙananan abubuwa sun daina ganuwa gare ta. Da 'ya'yanta suka tambayi kyautar da take so, ta ce abu ɗaya ne: a haska mata tsofaffin hotunan gidan a bango da majigi, manya-manya, ta sake ganin fuskar marigayi mijinta Arne tun idon na iya gani.

Hotunan suna cikin kwalayen takalmi guda uku. Curtis ya yi wuf ya rungume su, ya ce wannan aiki na babban ɗa ne, kada kowa ya sa masa hannu. Zai kwafe su ɗaya bayan ɗaya zuwa kwamfuta, ya gyara launi, ya sa kiɗa a ƙarƙashi, har sai duwatsu sun yi kuka.

Matsala ɗaya ce. Kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka ta mutu tun watan Fabrairu, ranar da ya shayar da ita kofi.

Mijin ƙanwarsa Marlene, wato Lyle, direban motar makaranta ne, mutum mai sanyin hali da ba ya ɗaga murya ko a kan yara arba'in. Ya gaya wa Curtis akwai wani shago da ke sayar da kwamfutocin da ofisoshi suka gama amfani da su. An gyara su tsaf, an sa sabon batir, ga garantin shekara guda, kuɗin bai kai rabin na sabuwa ba. Shi ma a can ya sayi tasa. Yau in ya je, yau zai fara aiki.

Curtis ya dube shi kamar ya ba shi shawarar cin abinci a bola.

"Lyle, kwamfutar da wani ƙato ya shekara uku yana cin biskit a kanta yana mata atishawa, ita zan ɗora wa hotunan uwata? Kai dai ka ji da gwanjonka. Sabon samfuri na nan fitowa a Afrilu, siriri kamar takarda, saurinsa ninki biyu."

Lyle ya ce to, ko aro ne ya zo ya karɓi tasa kafin sabuwar ta fito. Curtis ya ce ya gode, amma bai yi rigakafin da zai taɓa ta ba.

Daga nan ya zama malamin kwamfutar da ba a haifa ba. Kullum yana kan waya yana kallon samarin nan masu hasashe, waɗanda ke rantsuwa cewa wani na cikin kamfanin kwamfutar ya raɗa musu ranar fitowa. Ya haddace nauyinta da kaurinta da launukanta huɗu. Abokan aikinsa suka koma cin abincin rana a cikin motocinsu don gudun lacca.

Afrilu ya zo ya wuce, shiru. Masu hasashen suka ce ai dama Mayu suke nufi. A ƙarshen Mayu kamfanin ya sanar da ita, Curtis ya yi oda a cikin minti uku, ya aika wa kowa hoton rasit, har da Lyle. Aka ce za ta iso ranar shida ga Yuni. Ya ce kwana takwas sun ishe shi, da irin wannan sauri ai aikin yini guda ne.

Ranar shida aka ɗaga zuwa goma. Ranar goma aka ɗaga zuwa sha uku. Marlene ta kira shi ranta a ɓace, ta ce ya kawo kwalayen su yi aikin a gidansu, Mama kullum sai ta yi zancen hotunan nan. Ya ce ta kwantar da hankalinta, kaya na kan hanya, yana ganin motar da ta ɗauko su a taswirar waya. Gaskiya ne yana ganinta. Kwana uku ke nan tana tsaye a wani gari a Kentucky.

Ranar bikin cika shekarar Doreen, mutum sittin suka cika zauren da ke ƙarƙashin coci. Kowace mace ta zo da kwanon gasasshen dankali da nama, ga kek mai hawa biyu, ga kofi tulu-tulu. An kafa majigin aro, an rataya farin ƙyalle a bango. Doreen na zaune a kujerar gaba, an yi mata gyaran gashi, ta sa rigarta mai ruwan shuɗi, tana fuskantar ƙyallen tun kafin a gama cin abinci.

Curtis kuwa yana waje cikin mota, yana ta dangwalar waya ko Kentucky za ta ji tausayinsa. Da Marlene ta ƙwanƙwasa masa gilashi, ya fito da kwalaye uku a ƙirji, gumi na bin wuyansa.

Ya tsaya gaban jama'a ya yi gyaran murya. Ya ce ya yi tunani mai zurfi, ya ga na'ura tana kashe armashin hoto, don haka zai nuna su da hannu, yadda kakanni ke yi. Ya zaro hoto guda da bai fi tafin hannu ba, ya ɗaga sama.

"Wannan Mama ce da Baba a bakin tafki, shekarar da suka yi aure."

Kawu Vern, ƙanen Doreen, ya amsa daga teburin baya: "Ina hoton yake? Ni tumbinka kawai nake gani, shi kuma na san shi."

Zauren ya ɗauki dariya. Curtis ya daure ya kai wa mahaifiyarsa hoton. Ta karɓa ta kai shi har bakin hanci, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce ya yi kyau sosai, Allah ya yi masa albarka. A juye ta riƙe shi, kan Arne na ƙasa. Waɗanda ke kusa suka gani, dariyar ta mutu. Ni da nake ba ku labarin nan ina wurin, kuma wallahi sai da na sunkuyar da kai don kunyar da ba tawa ba.

Lyle ya ture kujerarsa baya. Ya tashi kamar mai zuwa ƙaro kofi, ya ɗauki kwali ɗaya daga bayan Curtis, ya yi wa matarsa ido. Ya leƙa motarsa ya ɗauko kwamfutarsa ta gwanjon nan, suka shige kicin. Tsofaffin hotuna sun lanƙwashe, don haka shi ke danne kowanne da babban yatsa a kan teburin yanka albasa, Marlene na ɗauka da waya tana turawa kwamfuta. Curtis na can yana ta fama, ya kai hoto na tara, rabin baƙi sun koma hirar kamun kifi.

Can sai aka kashe fitila, ƙyallen bango ya yi haske.

Ga Arne nan, ɗan shekara ashirin da biyar, tsayinsa ya cika bango, yana riƙe da wani ƙaton kifi yana dariya har da wushiryarsa. Hoton ya ɗan karkace. A gefensa kuma ga wani abu ja mai faɗin ƙofa, wato babban yatsan Lyle, da farcen da bai ga abin yanka ba kwana biyu.

Doreen ta miƙe tsaye ba tare da ta nemi sandarta ba.

"Ga shi nan," ta ce a hankali. "Ga Arne. Shekara uku rabon da in ga fuskar nan."

Hotuna talatin da ɗaya aka nuna, kowanne da yatsan a gefe. Yatsan ya halarci ɗaurin aure, ya je yawon tafki, ya tsaya kusa da jarirai. Kawu Vern ya ce bai san suna da wannan ɗan'uwa a dangi ba. Doreen na dariya tana share hawaye, tana kiran sunan kowa da ya fito.

Da aka kunna fitila ta laluba ta kamo hannun Curtis, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. Ta ce ashe tsokanarta yake da ƙananan hotunan, ya ɓoye na gasken sai ƙarshe. Ta ce ta san ɗanta ba zai ba ta kunya ba. Jama'a suka fara tafi. Lyle na bakin ƙofar kicin, shi ma yana tafawa, bai da niyyar cewa uffan.

Wannan tafin na Lyle shi ya karya Curtis. Ya durƙusa kusa da kujerar mahaifiyarsa.

"Mama, ba ni na yi ba. Wata huɗu hotunan na wurina, ko ɗaya ban taɓa ba. Lyle ne, da kwamfutar da na yi ta zagi."

Doreen ta shafa kansa kamar lokacin yana yaro. Sannan ta tambaye shi kwali nawa ya rage. Ya ce biyu.

"To me kake yi a nan? Tashi ka je kicin. Ba ni da idon jiran wata shekarar."

Haka babban ɗa ya tuɓe kwat ya naɗe hannun riga, ya ƙarasa bikin a tsaye gaban teburin albasa yana danne hotuna. Lyle na zaune yana cin kek, lokaci-lokaci yana ce masa ya ɗan matsar da yatsa, yana rufe fuskar mutane.

Darasi: Abin da ke hannunka yau yana aiki ya fi wanda aka yi maka alkawarinsa gobe, domin kaya za su iya jira amma mutanen da kake ƙauna ba su da tabbacin lokaci. Kada girman kai ya sa ka raina abin wani ko shawararsa, wata rana shi zai rufa maka asiri. Ku tura wa wanda kuka san ya daɗe yana cewa sai sabuwa ta fito.