Gangar Baƙi a Filin Damisa

An ce wai a wani gari an yi wani mutum mai suna Hambali, mai facin taya a bakin tasha. Mutum ne mai sanyin hali, ba a taɓa jin bakinsa da na kowa ba, sai dai Allah ya jarrabce shi da son ƙwallon ƙafa, musamman ƙungiyar garinsu da ake kira Guguwa. Shi ne mai kaɗa wa magoya bayanta ganga. Ganga ce babba, a wuya ake rataya ta, da sanduna biyu ake dukanta. Su kuwa 'yan Guguwa suna da wata al'ada da suka riƙe kamar wasiyya: muddin ƙwallo na kan fili, gangar ba ta yin shiru. Sun haƙiƙance cewa duk lokacin da ta tsaya, a nan ake zura musu. Saboda haka ko ruwa Hambali zai sha, wani ne ke ɗora masa ledar a baki.

Ana nan sai wasa ya faɗo a gidan ƙungiyar Damisa, tafiyar awa biyar daga garinsu. Kowa ya san mutanen can ba su iya shan kaye a gida ba. Da safe Hambali yana ɗaure gangarsa, matarsa Hansatu ta tsaya a bakin ƙofa, goye da jaririyarsu Sauda.

Ta ce, "Baban Sauda, garin nan fa ko bara sai da aka fasa wa baƙi gilashin mota."

Ya ce, "Ki kwantar da hankalinki. Ni ban da kiɗa me nake yi?"

Ta ce, "Shi dutsen in ya taso, tsayawa zai yi ya tambaye ka me kake yi? To, tunda ka nace, ga gurasa da ƙwai. Ga kuma farar rigarka, ana tashi ka tuɓe shuɗiyar rigar ƙungiyar nan. Kuma don Allah ka zauna tsakiyar mota, ban da jikin taga."

Ya amsa mata da to, ya fita. Ita kuwa ba ta koma ciki ba sai da ya sha kwana.

A tasha shugaban magoya baya, wani dattijo mai suna Baba Tanimu, ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya suna shiga bas. Ya ce, "Mu talatin da biyu muka fita, mu talatin da biyu za mu dawo. Ban yarda kowa ya tanka wa kowa ba. In an zage ku, ku ce kun gode."

Da fari tafiya ta yi daɗi. Tutoci a tagogi, waƙa a baki, ana tsokanar direba wai ko kunkuru zai riga shi isa. Suka tsaya a hanya suka yi azahar, suka ci abin da ya samu. Amma da alamun garin Damisa suka fara bayyana, sai waƙa ta mutu da kanta. Baba Tanimu ya sa aka janye tutoci, aka rufe gilasai duk da zafi. A bakin titi wasu samari suka gane motar, ɗaya ya ja yatsa a maƙogwaronsa yana dariya.

A filin wasa aka kai su wani lungu, shingen waya ne kawai tsakaninsu da dubban mutanen gari. Hambali ya hau matakala ta sama, inda mai ganga ke tsayawa. Ana busa usur ya fara duka, bai kuma sake tunanin komai ba.

Wasa ya yi zafi, babu ci, har saura minti biyar a tashi. Sai ga ɗan wasan Guguwa ya kufce ya zura ƙwallo. Fili ya ɗauka gaba ɗaya, "Satar gida ce! An sayi alƙali!" Ledojin ruwa suka fara tashi ta ko'ina. Cikin wannan hargitsi wani dutse ya sauka a kan wani ɗan gari mai suna Sha'aibu, wanda ke tsaye jikin waya. Ya faɗi, jini ya rufe masa fuska, aka ɗauke shi sai asibiti. Ƙanensa Ɗanliti ya ɗaga kai, ya nuna saman matakala, ya ƙwalla ihu, "Mai ganga ne! Na ga hannunsa a sama!"

Shi Hambali bai ma san abin da ake ciki ba, idonsa na kan ƙwallo har aka busa tashi.

Baba Tanimu ya kora mutanensa mota da gudu. Hambali ya tuɓe shuɗiyar riga ya sa fara, amma ina amfanin canza riga ga mutumin da aka yi minti casa'in ana kallon fuskarsa? Kafin direba ya ta da mota an ja ƙofar fili an rufe. Masu tsaro duk sun tafi fitar da alƙalin wasa ta wata ƙofar. Jama'a suka kewaye bas, suna dukan jikinta da tafin hannu har tana rangaji.

"Ku miƙo mana mai ganga, sauranku ku tafi!"

Cikin mota wani daga baya ya ce a hankali, "Baba, in ba a ba su shi ba fa, ƙone mu za su yi."

Baba Tanimu ya ce, "Rufe mana baki. Ni zan je in gaya wa matarsa mun baro shi, ko kai?"

Hambali ya duƙa tsakanin kujeru. Wayarsa ta yi ƙara, ya ga Hansatu ce, ya kasa ɗauka. Me zai ce mata?

To, shugaban magoya bayan Damisa wani tsohon direba ne, ana ce masa Alhaji Jatau, mutum mai nauyin baki, ba ya gaggawar magana. Sha'aibu da Ɗanliti kuwa 'ya'yan ƙanwarsa ne. Da ya iso ya ga abin da ake ciki, ya gane an sa shi tsaka mai wuya. In ya ce a saki baƙo, za a ce ya fifita bare a kan jininsa, a ture shi a afka wa motar. In ya ce a fito musu da shi, ba wanda zai iya cewa mai gangar zai kai magariba da rai.

Sai ya sa aka kawo benci, ya hau, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Wanda aka fasa wa kai ɗana ne, don haka ba wanda ya fi ni haƙƙi a nan. A fito mini da mai gangar da gangarsa. Ni zan hukunta shi, kuma duk wanda ya taɓa shi kafin in gama, ni ya taɓa."

Baba Tanimu ya leƙo ta taga ya ce, "Alhaji, amana?"

Ya ce, "Amana."

Aka buɗe ƙofa. Hambali ya sauko rungume da ganga, ya tsaya jikin benci.

Alhaji Jatau ya dube shi sama da ƙasa, ya ɗaure fuska, sannan ya juya ga jama'a. Ya ce, "Ba na son in yi hukunci biyu. Ku tara mini laifinsa duka, tun daga shigowarsa, in yanke masa gaba ɗaya. Me ya fara yi muku?"

Aka ɗauka, "Kiɗa! Ya cika mana kunne!"

Wani mai jar hula ya ce, "Alhaji, a gidanmu fa! Tun da aka take wasa mutumin nan yake dukan abin nan kamar an aiko shi."

Alhaji ya ce, "Rashin kunya ke nan. Amma dai da suka ci mu ya ɗan tsaya ya yi murna, ko?"

"Ina! Ƙara wuta ya yi!"

Ya ce, "To, lokacin da aka fara jefe-jefe fa? Ai dole ya ji tsoro ya saurara."

"Wallahi bai saurara ba!"

Sai Alhaji ya kira Ɗanliti, ya ce, "Kai ne kusa da yayanka. Ka gaya mini tsakaninka da Allah. Daf da dutsen zai sauka, da lokacin da ya sauka, da bayan Sha'aibu ya faɗi, wannan mara imanin ko sau ɗaya ya tsagaita?"

Ɗanliti, idonsa jajur, ya ce, "Kawu, na rantse bai tsagaita ba. Yaya na kwance cikin jini, ina kiran sunansa, ko muryata ba na ji saboda gangar nan."

Alhaji ya ce, "Akwai wanda ya ji ta yi shiru, ko na numfashi ɗaya?"

Aka ce babu. Kowa na ganin ƙara wa baƙo laifi yake yi.

Alhaji Jatau ya sauko daga benci. Ya karɓi gangar ya rataya wa Ɗanliti a wuya, ya danƙa masa sanda a dama, sanda a hagu. Ya tsinci dutse ya ajiye a gaban ƙafarsa. Ya ce, "Kaɗa."

"Kawu, ni kuma?"

"Na ce ka kaɗa. Yadda ka ji yana yi."

Ɗanliti ya fara duka.

Alhaji ya ce, "Madalla. Yanzu ɗauki dutsen nan ka jefi bangon can. Amma kada gangar ta yi shiru."

Ɗanliti ya sunkuya, ganga ta tokare masa ciki, kiɗa ya yanke. Alhaji ya ce, "Ta yi shiru. Sake." Ya sake, ya haɗa sandunan a hannu ɗaya, kiɗa ya gurgunce, sanda guda ta faɗi. Mai jar hula ya ce, "Kai, ɗauka da ƙafa mana!" Wasu suka tuntsire da dariya, ba su shirya ba. A karo na uku Ɗanliti ya tsaya cik, ya saki hannuwansa.

Sai Alhaji ya koma kan benci. Ya ce, "Jama'a, shaidarku ce, ba tawa ba. Kun rantse gangar ba ta tsaya ba, kun kuma gani da idonku cewa hannu biyu take ci. To, da wane hannun ya yi jifa?"

Ɗanliti ya ce, "Amma kawu, na ga hannunsa a sama."

Ya ce, "Ka gani, ba ƙarya ka yi ba. Hannun mai ganga ina zai kasance in ba sama ba?"

Wani daga baya ya ce, "To ai sai wani ne a cikinsu!"

Alhaji ya ce, "Yana yiwuwa, yana kuma yiwuwa a cikinmu ne, don na ga inda jifa ta fi tashi. Wanda ya ga mutumin da idonsa ya fito ya nuna mini shi, ya rantse kamar yadda Ɗanliti ya rantse."

Aka jira. Ba wanda ya motsa.

Ya ce, "Mutum fiye da talatin suka zo, fuska ɗaya kuka riƙe, don ita ce ta dame ku. Laifin da kuka tabbatar a kansa kiɗa ne, mu ma kuwa muna da mai ganga, wata mai zuwa a garinsu zai kaɗa. Wanda ya jefi ɗana ban san shi ba, Allah ya san shi. Amma ba zan ɗauki jinin wani in wanke na Sha'aibu da shi ba." Sannan ya juya ga Ɗanliti, ya sassauta murya. "Kai kuma, yayanka na asibiti. Wa ke kansa yanzu? Wa ya gaya wa mahaifiyarku kafin ta ji a bakin mutane?"

Ɗanliti ya cire gangar ya ajiye a ƙasa, ya juya da gudu. Abokansa suka bi shi, taro ya fara sakewa.

Alhaji Jatau ya sa aka buɗe ƙofar fili, ya shiga gaban bas ya zauna kusa da direba, ya zuge gilashi ya fito da gwiwar hannunsa don kowa ya gan shi. Haka suka ratsa gari a hankali, babu waƙa, babu tari, har suka wuce gidan mai na ƙarshe ana kiran magariba. A nan ya ce a sauke shi.

Hambali ya biyo shi ƙasa, ya durƙusa zai yi godiya. Tafukan hannunsa duk sun yi bororo.

Alhaji ya ce, "Tashi, ɗana. Kiɗanka ya sa mini ciwon kai, ba zan ɓoye maka ba. Kuma kada ka gode mini. Da ka huta ko sau ɗaya a wasan nan, wallahi ban san yadda zan yi da kai ba. Shiga mota, ku yi nisa kafin ku tsaya salla."

Masu hankali suka ce, wanda fushi ya rufe wa ido ba a ce masa ƙarya kake yi, domin a nan wutar ke ƙaruwa. A bar shi ya zayyana duk abin da ya gani da abin da ya ji, ba tare da an katse shi ba, domin sau da yawa hujjar da za ta kuɓutar da wanda ake zargi tana cikin bakin mai zarginsa.