Kwikwiyon da Mantau Ya Bari

An yi wani sarki a Birnin Garwaza, ana kiransa Barmo, mutum mai alheri da kwarjini, sai dai fushinsa yakan riga shawararsa isa. Yana da amini tun na ƙuruciya, wani maharbi mai suna Mantau, wanda shi kaɗai ke iya ce masa ya yi kuskure ya kuma kwana lafiya. Wata rana wuƙar da sarki ya gada daga mahaifinsa ta ɓace, aka yi cigiya, aka same ta cikin kubenta a zauren Mantau. Mantau ya rantse bai san yadda ta zo ba, amma sarki bai saurare shi ba, ya kore shi daga ƙasar kafin la'asar. Mantau ya tafi ya bar wani kwikwiyon farauta da ke binsa fada kullum. Sarki ya sa aka ajiye shi a barga, ya ce don gadi ne, alhali kowa ya san ba don gadi ba ne.

Kwikwiyon nan ya zame wa fada musiba. Yau takalmin Waziri, gobe ludayin masu tuwo, jibi jakar wanzami. A bi shi da ihu, shi kuwa ya ƙara gudu yana kaɗa wutsiya. Ranar da ya ɗauke takalmin Liman, fadawa suka ce a kashe shi.

Sarki ya tara majalisa ya ce, "Wanda ya raba dabbar nan da sata, bai kuwa raba ta da rai ba, yana da tukwici."

Waziri ya ce bulala ce magani. Aka yi kwana uku ana duka, kwikwiyo bai koyi komai ba sai sata a ɓoye. Alƙali ya ce a ɗaure shi. Aka ɗaure, ya ƙi cin abinci, ya yi ta kuka har sarki ma ya kasa cin nasa.

Sai wani tsohon baduku mai suna Cindo, wanda ke gyaran takalman da ake taunewa, ya zo ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki. An tambayi bulala, an tambayi igiya, amma ba a tambayi mai laifin ba. A kwance shi, kada kowa ya kore shi, mu bi shi daga nesa, ni da kai."

Da hantsi aka kwance shi. Ya ɗauki wani takalmi, ya waiga, bai ga mai kora ba, sai ya kama hanya a hankali. Sarki da Cindo suna biye har gidan Mantau, wanda ciyawa ta riga ta cinye ƙofarsa. Kwikwiyo ya shiga zaure, ya ajiye takalmin bisa tarin kayan da ya kwaso, ya zauna yana duban ƙofar cikin gida, yana jira.

Cindo ya ce, "Ranka ya daɗe, maharbi kan koya wa karensa ya ɗauko ya kawo, shi kuma ya shafa kansa. Wannan ba ɓarawo ba ne, mai kawo kaya ne da ya rasa mai karɓa. Kuma duba, kayan fata ya fi so."

Sarki ya dubi tarin kayan. Daga bisani ya zare wuƙar daga ɗamararsa, ya juya kuben, ya ga sawun ƙananan haƙora. Ya zauna a ƙasa cikin ƙura, ya ce, "Ya rantse mini, Cindo. Shekara arba'in bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Cindo ya karɓi tarbiyyar kwikwiyon. Ya hana a kore shi, ya sa aka rataye takalma a sama, ya ɗinka masa dunƙulen fata daga tsohuwar jakar Mantau ya zama nasa. In ya ɗauko abin da ba nasa ba, a ce "Saki," a musanya masa da tsokar nama. Amma Cindo ya ce dole a sami hannu guda da zai riƙa karɓa, sarki ya ce nasa ne. Kafin wata biyu sata ta ƙare.

Manzannin da sarki ya aika neman amininsa kuwa suka bazu gabas da yamma, suka komo da labari ɗaya: an ga Mantau ya bi fatake, ba a san inda suka dosa ba. Tun daga nan babu ayarin da zai fita birni sai sarki ya ba madugu saƙo da bakinsa: "In kun gan shi, ku ce Barmo ya yi kuskure." Ya sa aka share gidan Mantau, ana zuba ruwa a randa kullum. Damina uku ta wuce, karen ya girma, kuma duk yamma shi da sarki sukan zauna a ƙofar gari suna duban hanya.

Sarki ya yi wa Cindo alkyabba, ya ba shi wurin zama kusa da Alƙali, ya kuma kafa doka cewa ba za a yanke wa kowa hukunci a ranar da aka tuhume shi ba.

Masu hikima sun ce, hukuncin gaggawa yini ɗaya yake ɗauka, amma gyaransa yakan ci sauran rayuwar mai mulki.