Tumakin Arɗo Njidda da Ba a Ƙirga

Ku gyara zama, yau zan ba ku abin da za ku kwana kuna musu a kai.

Arɗo Njidda mutum ne mai tumaki, amma har ya tsufa bai taɓa yarda an ƙirga masa su ba. Cewa yake ƙirga dabba na kore albarka. Abin da kowa ya sani kawai shi ne ba su kai dubu ba.

Yana kwance ciwon ajali gobarar daji ta tarwatsa garken, suka faɗa ƙasar wani dagaci. Dagacin ya killace su, ya ƙirga, ya bar adadin a cikinsa. Ganin har da maƙaryata cikin masu cewa nasu ne, sai ya ce duk wanda ya faɗi adadinsu daidai shi ne mai su, kuma sau ɗaya ake faɗa.

Arɗo ya kira 'ya'yansa uku, ya ce, "Wanda ya dawo mini da su, shi zai riƙe sandata. Kada ku raba garken."

Jabbi, babbansu, ya kama hanya da ƙannensa, alhali bai san adadin da zai faɗa wa dagacin ba. Shi dai abin da ya sani, a makon nan da yake shayar da su a rijiya, kwamin da suke shan ruwa a ciki bakwai-bakwai yake ɗauka, kuma kullum uku ke saura a ƙarshe.

Da ya faɗi haka, sai Sambo, mai bi masa, ya tuna ranar da ya ƙetarar da su kogi. Jirgin sha ɗaya-sha ɗaya yake ɗauka, sawun ƙarshe kuwa bakwai ne.

Yero, autansu, wanda ake yi wa kallon sakarai, shi ya tsare ƙofar shinge ranar rigakafi. Sha uku-sha uku yake turawa, tara suka rage.

Suka kai wa wani malamin hisabi zancen. Ya yi ta zane a ƙasa yana sharewa, can ya ce lamba ɗaya tak ce ƙasa da dubu ta cika sharuɗɗan nan uku, kuma da ɗayansu ya manta nasa, da sai dai canka. Jabbi ya tsaya gaban dagaci, ya ce dubu ba uku. Aka buɗe musu shinge.

Kaico, kafin su iso gida an riga an kai Arɗo makwancinsa. Jabbi ya miƙa hannu zai ɗauki sandar, Sambo ya riƙe masa hannu, Yero ya tare ƙofa. Yau shekara biyu ke nan ba sa cin tuwo a kwano ɗaya. Jabbi kan ce da ya san haka za ta kasance, da ya bar wa dagaci tumakin ya tsira da ƙannensa.

To, jama'a, tsakanin mai rijiya da mai jirgi da mai shinge, wa za a miƙa wa sandar nan?